Wasannin wasa ƙwaƙwalwa: dalilin da ya sa ake yi wa bindigar leza dabaibayi

A yau da wuya mutum ya ratsa wata fada ta samari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bai tarar da wani ya duƙufa bisa wayar salula yana wasa ba, shayi na tafasa a gefe, shi kuwa hankalinsa na can cikin allon wayar. Iyaye da dama na kallon abin a matsayin ɓata lokaci, kuma sau da yawa suna da gaskiyarsu. To amma daga cikin waɗannan samari da ƴan mata akwai waɗanda suka wuce matsayin buga wasa kawai, suka fara koyon tsara manhajar kwamfuta da burin wata rana su ƙera nasu wasan. Saboda su, da kuma duk mai son sanin abin da ke ƙarƙashin waɗannan wasanni, muka ga ya dace a wannan shafi mu tsaya bisa wata tambaya mai kama da ƙarama: idan aka bai wa jarumin wasa bindigar hasken leza mai haƙa ƙasa, waɗanne dokoki ya kamata a gindaya mata?

Shi dai leza, ga wanda bai sani ba, haske ne mai ƙarfi da ake tattarawa wuri guda yana tafiya a miƙe kamar kibiya. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Amurka mai suna Theodore Maiman ne ya fara kunna shi a shekara ta 1960, kuma a yau da shi ake yanka ƙarfe a masana'antu, ake aikin ido a asibiti, ake karanta faifan CD. Wannan a duniyar gaske ke nan. A cikin wasa kuwa, hasken ba ya bin dokar kimiyya, yana bin abin da maƙerin wasan ya rubuta masa ne. In ya ce ya huda dutse, zai huda. In ya ce ya tsaya, zai tsaya. Kuma a wasan wasa ƙwaƙwalwa, wato irin wasan da ake cin nasararsa da tunani fiye da saurin yatsa, wannan shawara ita ce ke raya wasa ko ta kashe shi.

Ɗalibin da ya hana jaruminsa tsalle

Misali mafi kyau da muka sani shi ne wasan Lode Runner, wanda kamfanin Broderbund na ƙasar Amurka ya fitar a shekara ta 1983 bisa kwamfutar Apple II. Wanda ya ƙera shi, Doug Smith, ɗalibi ne a lokacin a jami'ar Washington da ke birnin Seattle. Ya fara gwada abin bisa manyan kwamfutoci na wancan zamani da sunan Kong, daga baya ya sake rubuta shi da sunan Miner, ya aika wa kamfanin, suka ƙi karɓa. Bai yi fushi ba, ya koma ya gyara, a karo na biyu suka karɓa.

Labarin wasan ba shi da tsawo. Wasu azzalumai sun sace zinariyar mutane sun ɓoye ta cikin ɗakunan ajiya, kai kuma jarumi ne da aka aiko ka ƙwato ta. Allon ya kasu ƙananan gidaje 28 a kwance, 16 a tsaye. Akwai daɓe na tubali, akwai na dutse, akwai tsani, akwai igiya da ake ratsawa da hannu, akwai kuma dogarai da ke bin ka ko'ina, in sun taɓa ka ka mutu. Sai ka kwashe duk zinariyar da ke zangon sannan hanyar fita ta bisa take buɗewa. Zango 150 ne a wasan na farko.

Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin zamaninsa shi ne jarumin ba ya tsalle, kuma ba ya iya harbin dogari. Makaminsa ɗaya tak, wanda takardar bayanin wasan ta kira bindigar leza mai huda ƙasa. Aikinta kuma ɗaya: haƙa rami a daɓe. Mai karatu zai ce ai wannan jarumi an cuce shi. Bari mu dubi dabaibayin da aka yi wa bindigar, sannan mu yanke hukunci.

Doka ta farko, bindigar ba ta haƙa ƙarƙashin ƙafar mai riƙe da ita. Tana haƙa tubalin da ke ƙasa ta hannun dama ko ta hannun hagu kawai. Doka ta biyu, tubali kaɗai take ci, dutse ya fi ƙarfinta, haka ma wani tubalin ƙarya da ke kama da na gaske amma in ka taka sai ka zurma. Doka ta uku, ba ta haƙa tubalin da wani tubali ya danne daga bisa, sai wanda samansa ke buɗe. Doka ta huɗu, ramin ba ya dawwama, bayan ɗan lokaci sai ya cike da kansa. Doka ta biyar, ramin ba ya yi wa kowa adalci iri ɗaya. Dogari in ya faɗa sai ya maƙale na ɗan lokaci, ya saki zinariyar da ya ɗauka, har kana iya taka kansa ka wuce. In ramin ya cike da shi a ciki ya mutu, amma zai sake ɓullowa daga saman allo. Kai kuwa in ka faɗa, in ƙasan ramin a buɗe yake sai ka zarce zuwa daɓen da ke ƙasa, in kuwa a toshe yake, to ka shiga uku, domin ba ka tsalle, ba ka kuma haƙa ƙarƙashinka. Kana nan tsaye har tubali ya rufe ka. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A wannan wasa ko gajeren ma yana iya cin mai shi.

Lissafin rami

Daga waɗannan dokoki biyar ne lissafi ke fitowa. A ce zinariya tana binne ƙarƙashin tubali hawa uku. Da bindigar na haƙa ƙarƙashin ƙafa, da magana ta ƙare: ka danna sau uku ka ɗauka. To amma tunda gefe take haƙawa, tilas duk lokacin da za ka haƙa ka samu wurin tsayawa kusa da tubalin da kake nufi. Saboda haka a hawa na farko sai ka haƙa tubali uku a jere, ka sauka ciki, a hawa na biyu ka haƙa biyu, ka sake sauka, a na uku ka haƙa ɗaya. Harbi shida ke nan maimakon uku. In hawa huɗu ne, sai huɗu da uku da biyu da ɗaya, wato goma. In biyar ne, goma sha biyar. Duk wanda ya fara da ɗan ƙaramin baki zai tarar da kansa a tsakiyar aiki ba wurin tsayawa.

Ga kuma doka ta huɗu tana jira. Tun daga lokacin da ka haƙa tubali na farko agogonsa ya fara bugawa, kuma shi ne zai fara cikewa. Ke nan tsarin da ka bi wajen haƙa yana da muhimmanci, daga wane gefe ka fara, a wane gefe za ka ƙare. Kafin ka danna maɓalli sai ka gama zana aikin a cikin kanka, kamar magini da ke auna fili kafin ya aza tubali.

Masu buga wasan sun ci gaba da gano dabarun da ke ɓoye cikin waɗannan dokoki. Akwai zangon da ba ka iya kai wa ga zinariya sai ka bar dogari ya ɗauko ta, ka yaudare shi ya faɗa rami ya saki. Akwai wanda ba ka tsallake wani gurbi sai ka mayar da kan dogari gada. Wato abokin gaba ya zama kayan aiki. A shekara ta 1984 kamfanin ya fitar da Championship Lode Runner mai zango 50 masu tsananin wuya domin gwanaye, da bindiga iri ɗaya da dokoki iri ɗaya. Ba a ƙara mata ƙarfi ba, zanen zangon ne aka tsananta.

Wasan ya zo da wani abu da ba a saba gani ba a wancan lokaci: kayan zana zango, wanda ke bai wa kowa damar tsara nasa ya bai wa abokinsa ya gwada. Shi kansa Doug Smith yaran unguwarsu sun taimaka masa wajen zana wasu daga cikin zangon 150. Hakan ya yiwu ne saboda dokokin ƴan kaɗan ne kuma ba su canzawa, yaro na iya riƙe su duka a kansa. A ƙasar Japan kamfanin Hudson Soft ya mayar da wasan bisa na'urar Famicom ta Nintendo a 1984, aka sayar da kasat fiye da miliyan 1. Daga can ne ya shiga irin kasat ɗin nan masu tarin wasanni da ake haɗawa da talabijin, waɗanda wasunmu suka buga a yarinta ba tare da sun san sunan maƙerinsa ba. Doug Smith ya rasu a shekara ta 2014 yana da shekara 53, amma har yau ana buga wasansa.

Lokacin da hasken ya dubi bisa

Misali na biyu daga ƙasar Sikotlan ya fito. A shekara ta 1991 wani ƙaramin kamfani na birnin Dundee mai suna DMA Design ya fitar da wasan Lemmings bisa kwamfutar Amiga. A nan ba jarumi ɗaya kake tuƙawa ba. Wasu ƴan halittu ne, da aka sa musu sunan wata ƴar dabba mai kama da ɓera ta ƙasashen sanyi, ke zubowa daga wata ƙofa, wani lokaci har 100, suna tafiya gaba ba tunani. In sun tarar da bango su juya, in sun tarar da rami su faɗa, in faɗuwar ta yi tsawo su mutu. Aikinka shi ne ka raba musu sana'o'i har su isa ƙofar fita.

Sana'o'in takwas ne, kuma uku daga ciki na haƙa ne: akwai mai haƙa ƙasa a miƙe, akwai mai huda bango ta gaba, akwai mai haƙa a karkace yana gangarawa. Dukansu ƙarfe na tsayar da su, akwai kuma bango mai alamar kibiya wanda ba ya huduwa sai ta gefe guda. Sannan a kowane zango an ƙayyade adadin kowace sana'a: wataƙila a ba ka mahaƙi biyu da magini ɗaya, ba ƙari. Mai karatu ya lura da kyau: a cikin ukun nan babu mai haƙa ya nufi bisa. Wanda ke son hawa sai ya nemi magini mai aza matakala ko mai hawan bango.

A shekara ta 1993 aka fitar da kashi na biyu, Lemmings 2, mai ƙabilu 12 da sana'o'i wajen 50. A cikinsu ne aka kawo mai bindigar leza, wanda ke tsayawa wuri ɗaya ya harba haske bisa kansa ya huda rufin da ke samansa. Wannan ya cike gurbin da aka bari a wasan farko, kuma ya kawo sabon abu: haƙa daga nesa. Duk mahaƙan da suka gabata sai sun je da ƙafarsu wurin aikin, kuma tafiyar ita ce rabin matsalar. Mai leza kuwa yana iya tsayawa a ƙasa ya buɗe daɓen da jama'a ke tafiya a kai a bene na bisa, su zubo ta cikin ramin. Wani lokaci hakan ceto ne, wani lokaci kuma hallaka, ya danganta da tsawon faɗuwar.

Tambayoyin da maƙerin wasa zai amsa

Daga waɗannan misalai biyu muna iya fitar da tambayoyin da duk mai son sa irin wannan makami a wasansa zai zauna ya amsa tun kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja.

Ta farko, ina hasken ke dosa? Wannan ita ce uwar sauran. In a miƙe yake tafiya bisa, ramin da zai bari rijiya ce, ana faɗowa ta cikinta amma ba a hawa. In kuwa a karkace yake tafiya, to ramin ya zama gangare da ake iya takawa a hau, kuma nan take magini mai matakala ya rasa rabin aikinsa. Ɗan karkatar da haske kaɗan ya isa ya sauya darajar sauran sana'o'in wasan baki ɗaya.

Ta biyu, ina iyakar nisansa? Hasken da ba shi da iyaka zai ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɓata wuraren da mai wasa ma bai gani ba. Wanda ke da iyaka kuwa yana tilasta wa mai wasa neman inda zai tsaya, kuma neman wurin tsayawar shi ne wasan.

Ta uku, me ke tsayar da shi? Kowane wasa da muka ambata yana da abin da ba ya haƙuwa, dutse a Lode Runner, ƙarfe a Lemmings. Da shi ne mai zana zango ke cewa "ba ta nan ba". Amma sai an fayyace: in hasken ya ci karo da ƙarfe, aikin ya ƙare ke nan, ko yana ci gaba da cin ƙasar da ke gefen ƙarfen? In ya huda bango ya fita sarari, zai tsaya, ko zai tsallaka ya ci bango na gaba?

Ta huɗu, me haƙar ke jawowa? Ana iya sa ramin ya cike kamar a Lode Runner. Ana iya ƙayyade adadin harbi kamar a Lemmings. Ana kuma iya barin haƙa kyauta amma a sa mata haɗari, kamar a wasan Dig Dug na 1982 da Boulder Dash na 1984, inda duk wanda ya kwashe ƙasar da ke tallafe da dutse, dutsen ke faɗowa. Ko wacce aka zaɓa, tilas mai wasa ya ji cewa kowane harbi yana da farashi.

Ta biyar, ana iya katse shi a tsakiya? A Lemmings, mahaƙin da ya fara aiki kana iya tsayar da shi ta hanyar ba shi wata sana'a, kuma gwanaye suna amfani da haka su yi ɗan rami daidai yadda suke so. In leza ta gama aikinta cikin ƙiftawar ido, wannan dabara ta tafi. In tana ci sannu a hankali, dabarar na nan.

Me ya sa duk wannan taka-tsantsan? Saboda ɓarauniyar hanya. Mai zana zango yakan yi kwanaki yana shirya matsala wadda amsarta ke buƙatar matakai bakwai ko takwas, sai wani yaro ya zo ya tsaya a wani lungu ya yi harbi ɗaya ya wuce. Makami mai aiki daga nesa shi ya fi kowane buɗe irin wannan hanya. Abu na biyu kuma, doka in an kafa ta an zana zango a kanta, sauya ta na da tsada. A ce bayan an gama zango 150 na Lode Runner wani ya ce a bar bindigar ta haƙa ƙarƙashin ƙafa. Da yawa daga cikin zangon za su zama wasan yara. A ce kuma an rage lokacin da rami ke ɗauka kafin ya cike, wasu zangon ba za su ƙara ciwuwa ba har abada. Shi ya sa masu wannan sana'a ke daɗewa suna gardama bisa abin da mu muke gani ƙanƙane, suna gwadawa, suna bai wa wasu su gwada, kafin su ce an rufe magana.

Dara ta riga mu sani

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mu dubi dara da dattawa ke yi a gindin bishiya, gurbi 30 a cikin rairayi, kowa da ƴaƴa 12, wannan da kara, wancan da tsakuwa. Dokokinta na ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma a yadda aka fi saninta, ɗa ba ya tafiya sai gida ɗaya, kuma ba ya tafiya a karkace. Ba a ci a lokacin zuba ƴaƴa. Uku a jere ne ci, huɗu ba ci ba ne. A cire waɗannan hane-hane a gani, ko ƴan yara ba za su zauna mata ba. Dattijon da ke yin shiru yana kallon gurabe kafin ya ɗaga kara, da saurayin da ke ƙirga tubali kafin ya harba leza, aiki ɗaya suke yi.

Saboda haka kiranmu ga matasan da ke koyon ƙera wasanni shi ne, in kun zo bai wa jaruminku makami, ku ɗauki takarda ku fara rubuta abin da makamin ba zai iya ba, kafin abin da zai iya. Ku rubuta shi a jimloli kaɗan da ƙaninku zai haddace. Ku zana zango biyar ko goma bisa takarda mai gidaje, ku ba abokai a fada su nemi ɓarauniyar hanya, in sun samu ku gode musu. Ba sai kuna da babbar kwamfuta ba: na'urar da Doug Smith ya rubuta wasansa a kanta ba ta kai ƙarfin mafi arhar wayar salula da ke kasuwa a yau ba.

Ga iyaye kuma, muna cewa wasa suna ya tara. Akwai wanda ba ya koya wa yaro komai sai danne-danne da asarar kuɗin kati, akwai kuma wanda ke sa shi ya ƙirga, ya yi haƙuri, ya hango ƙarshen aiki kafin ya fara. In kun ga yaro da waya, ku tambaye shi dokar wasan da yake yi. In ya iya bayyana muku ita, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya faɗi a zangon da ya wuce, to akwai abin da yake ƙaruwa da shi, sai dai a ƙayyade masa lokaci don kada karatu da aikin gida su sha kashi. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.